Zaidu Bagunge da Maƙogwaron Iska

Shekara goma sha huɗu na yi ina akawu a makarantar koyon sana'a da ke bayan garin Yelwa, kuma a duk mutanen da na buga wa takarda da keken rubutu babu wanda ya kai Zaidu Bagunge yawan zuwa teburina. Bai iya karatun boko ba. Yakan tsaya bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya faɗi abin da yake so, ni kuma in mayar da shi Turanci. Ta haka na san labarinsa, wani daga bakinsa, wani kuma a gaban idona aka yi.

An haife shi a wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yauri ta wajen Ngaski. Ubansa masassaƙin jirgi ne, kakansa ma haka. Tun yana saurayi mutane suka san hannunsa, domin jirgin da ya sassaƙa ba ya karkata, kuma idan ka shafa cikinsa ba za ka ji inda gizago ya sara ba. A 1968 ruwan madatsar Kainji ya taso ya cinye gungun nasu. Aka kwashe su zuwa wani sabon ƙauye na gidajen siminti a kan tudu, ta wajen Shanga. Manyan itatuwan bakin kogi da ake sassaƙa jirgi da su, wasu an sare, wasu ruwa ya shanye. Kafin shekara goma masunta sun koma jirgin katako da ƙusa, wanda ake ɗaura wa inji. Zaidu ya taho Yelwa da matarsa Asama'u da 'yarsu Dudu, ya zauna a bakin ruwa yana toshe ɓarakar jiragen da wasu suka haɗa.

A 1979 aka turo mana sabon malami, Gidaɗo, Bafillacen ƙasar Tambuwal, dogo siriri mai saurin magana. Gwamnatin Jihar Sakkwato ce ta kai shi Turai ya karanta aikin injiniya na jirgin sama, bisa sharaɗin in ya dawo zai yi mata aiki shekara biyar. Da ya dawo, jiha ba ta da jirgin saman da za ta ba shi, sai aka ce ya zo Yelwa ya koya wa ɗalibai walda da zanen inji. Bai ɓoye wa kowa cewa zaman ya ishe shi ba. Ya zo da akwati ɗaya na tufafi da akwati biyu na takardu, da wasu gilasai biyu masu kauri naɗe cikin bargo.

Abin da yake so ya haɗa shi ne bututun gwajin iska. Sai da ya yi mini bayani sau uku kafin na gane. Za a samu babban tanki a zuƙe iskar cikinsa ƙaf. Daga tankin a jawo bututu, a tsakiyar bututun a yi wani matsattsen wuri wanda yake kira maƙogwaro. Idan aka buɗe ƙofar tankin farat ɗaya, iskar waje za ta kutsa ta maƙogwaron da gudu, in kuma an siffanta shi daidai, gudun nata zai wuce na ƙara kanta, irin gudun jiragen yaƙi. Sai a sa ɗan abu mai tsini a gabanta a ga yadda take bi ta jikinsa. Ya ce in ya samu sakamako mai kyau ya aika wa jami'a, za su nemi a sake shi ya koma wurinsu.

Maƙogwaron nan shi ne wahalar. Gunduma biyu ne na itace, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da lanƙwasa da aka yi lissafinta, gilasan nan biyu kuma su rufe gefe da gefe. Gidaɗo ya yanka lanƙwasar a kan fallen tagulla ya zaga da ita wurin kafintoci uku a Yelwa. Duk ukun suka yi, ya ɗora tagullar a kai ya ɗaga sama, haske yana leƙowa ta tsakani. Wani mai kifi ne ya ce masa ya je bakin ruwa ya nemi Bagungen nan.

Zaidu ya ba ni labarin haɗuwarsu. Ya ce yana durƙushe ƙarƙashin wani jirgi yana cusa auduga da kwalta sai ya ga takalma masu ƙyalli a cikin laka.

"Kai ne Malam Zaidu?"

"Ni ne."

"An ce kana iya sassaƙa itace shi bi wanga abu, ba tare da haske ya wuce ba."

Zaidu ya karɓi tagullar ya bi gefenta da babban yatsa, ya mayar masa. "Mi za a yi da shi?"

"Iska za ta bi ta kai."

"Iska ko ruwa?"

"Iska."

"To, da wane icce?"

Gidaɗo ya ce kowanne. Zaidu ya ce ba kowanne ba. Ya ce katakon kasuwa ɗanye ne, yau ka gyara shi gobe ya murɗe. Sai ƙawo wanda ya shekara biyar a inuwa, kuma ya san inda akwai guda, wani gungume da ubansa ya ajiye a sabon ƙauye bai kai ga aiki da shi ba ya rasu.

Wata biyu ya yi a kan gunduma biyun farko. Ya fara da gizago, ya koma wuƙa, ya koma magagari. Daga nan sai ya riƙa shafa wa gefen tagullar kunkunniya daga gindin tukunya ya goga a kan itacen. Inda baƙi ya kama, nan ne tudu, sai ya kankare shi kaɗan ya sake gogawa. A ƙarshe ya goge da ganyen ɓaure mai kaushi, ya narka kakin zuma ya shafe. Ranar da ya kawo su makaranta ina wurin. Gidaɗo ya ɗora tagullar ya ɗaga wajen taga ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye ya tafi ofishin shugaban makaranta. Mako biyu bayan haka na buga takardar ɗaukar Zaidu aiki a matsayin mai kula da ɗakin aiki.

Asama'u ta yi murna da farko, don an ba su ɗaki biyu a bayan makaranta, kuma mijinta ya daina kwana da ƙafa a jiƙe. Zaidu kuwa ya ce mini abin da ya ja shi ba ɗakin ba ne. Shekara goma ke nan ba wanda ya nemi ya yi aikin da ke buƙatar hannunsa.

An ba su wata rumfar kwano a ƙarshen filin makaranta. Tankin farko na wata tsohuwar motar mai ne. Suka haɗa shi da famfon zuƙe iska wanda injin niƙa ke juyawa da bel. Ranar gwajin farko, famfon ya yi minti ashirin yana aiki sai muka ji wata irin ƙara, muka fito a guje. Tankin ya lotse ya naɗe kamar gwangwanin da aka taka. Ba wanda ya ji ciwo, amma shekara guda ta tafi. Sai a ƙarshen 1980 suka samu wani mai kauri da 'yan kwangilar titi suka bari a daji, aka jawo shi da tarakta, Gidaɗo ya yi masa ɗamarar ƙarfe guda shida.

Da wannan tankin abin ya fara aiki. Minti arba'in ana zuƙe iska, sannan Zaidu ya fizgi hannun ƙofar ƙarfe, iska ta shiga da ƙugi na daƙiƙa takwas, shi ke nan. Ƙarar tana kaiwa har kasuwa. Mutanen gari suka sa wa rumfar suna Ɗakin Huci. Gidaɗo yana toshe kunnuwansa da auduga. Zaidu yana cire tasa, wai yana so ya ji ko iskar tana gogar wani wuri, kuma kunnensa na hagu ne ke kusa da bututun.

Sai wata matsala ta fito wadda ba su zata ba. Lokacin damina ne, kuma da an buɗe ƙofa sai cikin gilasan ya yi fari fat, ba a ganin komai. Gidaɗo ya ce iska in ta yi irin wannan gudu sanyi take yi, sai laimar da ke cikinta ta zama hazo, mu kuma ga mu a bakin tafkin Kainji. Suka haɗa akwati mai faranti-faranti, suka zuba ƙonanniyar farar ƙasa da gawayi don iskar ta bi ta ciki ta bushe. Ya rage, bai hana ba. A ƙarshe suka yarda cewa aikin kirki ba zai yiwu ba sai cikin bazara kafin hadari ya fara taruwa, wato mako shida ko bakwai a shekara. Sauran watannin jira ne, da shafa wa itacen kaki kowace Alhamis don kada laima ta kumbura shi.

A watan Maris na 1982 suka ga abin da suke nema. Gidaɗo ya kira ni in riƙe agogo. Ya huda kwanon rumfar, ya sa madubi a waje yana turo hasken rana ta hudar, hasken ya ratsa gilasan biyu ya sauka kan farar takarda a bango. A tsakiyar maƙogwaron sun kafa ɗan ƙarfe mai tsini kamar kan mashi. Zaidu ya fizgi ƙofa. A kan takardar, inuwar tsinin ta fito, daga bakinsa kuma layi biyu siriri suka miƙe baya a karkace, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suka tsaya cik har iskar ta ƙare.

Gidaɗo ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Zaidu ya matso ya dubi takardar da babu komai a kanta yanzu.

"Injiniya, wanga ai shi ne abin da goshin jirgi ka yi bisa ruwa in ana gudu."

"Shi ne, Malam Zaidu. Shi ne sak."

"Amma na ga wani ƙaramin layi daga ƙasa, can baya. Shi kuma na mine ne?"

Gidaɗo bai lura da shi ba. Suka sake zuƙe iska, minti arba'in, suka sake buɗewa, ya ɗauki hoto. Layin yana nan. Ya ce duk inda itacen yake da ƙarzuwa, ko ta kai kaurin gashi, iskar za ta nuna ta. Zaidu ya kwance gundumar ƙasa ya bi ta da yatsa ido a rufe har ya samu wurin. Kwana huɗu ya yi a kansa. A hoton da suka ɗauka bayan nan, layi biyun ne kaɗai.

Cikin shekara biyu ya sassaƙa maƙogwaro uku, kowanne da gudun iskar da yake bayarwa. Gidaɗo ya jera bututan gilashi masu ruwan zaiba a jikin allo don auna ƙarfin iskar, ya cika littafi biyu da lambobi, na buga masa rahoto mai shafi sittin, ya aika wa jami'a. A lokacin ne ƙanen Zaidu, Tamada, ya zo daga Warra. Ya ce sun kafa wurin haɗa manyan jiragen fasinja, aiki ya yi musu yawa, suna neman babba wanda zai tsaya a kai. Zaidu ya ce ya ba shi shekara guda, Injiniya ya kusa gamawa.

A farkon 1984, bayan sojoji sun karɓi mulki, takardar canjin wurin aiki ta zo. An mayar da Gidaɗo Sakkwato, ofishin haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma an ce ya kama aiki cikin kwana bakwai. Doka ce kafin ma'aikaci ya tashi ya miƙa kayan da ke hannunsa ga wani. Malaman sashen duk suka ƙi karɓa, kowa ya ce bai san kan abin ba. Ni na buga jerin kayan, abu talatin da ɗaya, daga tanki har madubi. Zaidu ya dangwala yatsa a ƙasa.

"Wata shida ne," in ji Gidaɗo yana ba shi makulli. "Da jami'a ta amsa zan zo da mota mu kwashe. Ka dai riƙa shafa kakin."

Wata shida suka wuce, shekara ta wuce. Tamada ya sake zuwa. Wannan karon Zaidu ya shigo ofishina ya ce in rubuta masa takardar barin aiki. Na rubuta, muka kai wa shugaban makaranta, wanda sabo ne, bai ma taɓa ganin an kunna injin ba. Ya karanta, ya sa aka ɗauko fayil, ya nuna wa Zaidu inda ya dangwala yatsa.

"Wanga hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"To kayan gwamnati suna wuyanka. Ba ka tahiya sai ka miƙa su."

"Ga makulli, ranka shi daɗe. A karɓa."

"Ni ban san mi ne ne ciki ba, ƙaƙa zan karɓa? In wani abu ya ɓace, ni za a kama. Sai an turo injiniya ya duba ya sa hannu."

Muka rubuta Sakkwato a turo injiniya. Ba amsa. Muka sake rubutawa. Wasiƙa goma sha ɗaya na buga a kan maganar nan cikin shekara shida, amsa biyu muka samu, duka biyun suna cewa ana duba lamarin. Lokacin soja ne, kuma kowa ya ga yadda ake tasa ƙeyar ma'aikata a kan kayan gwamnati. Zaidu bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba a rayuwarsa, kuma tsoron hakan ya fi komai kama shi. Na taɓa ce masa a ɓoye ya ajiye makullin a teburina ya tafi, babu wanda zai bi shi har Warra. Ya ce ko ba a bi shi ba, mutum ya ba shi amana a hannu.

Kwanakinsa suka zama iri ɗaya. Da safe ya buɗe rumfar ya share, ya juya injin da hannu don kada ya cije, ya ƙirga bututan gilashi. Ranar Alhamis ya kwance gundumomi shida ya shafa musu kaki ya mayar. Ba ya iya kunna abin shi kaɗai, kuma ba a ba da man yin hakan. Sauran yinin yana zaune a ƙofa a kan benci, yana hango tafki ta saman katanga, jiragen Warra da na Rofia suna wucewa. Kunnensa na hagu ya riga ya mutu, sai ka tsaya ta damarsa yake jinka.

Cikin daminar 1986 aka aiko cewa innarsa ba lafiya a sabon ƙauye. Ya nemi izinin kwana uku, ya yi kwana goma sha tara, har aka yi mata sutura aka yi addu'ar bakwai. Da ya dawo ya tarar iska ta ɗaga falle ɗaya na rufin, ruwa ya zuba a kan gundumar sama ta maƙogwaro na biyu, ta kumbura ta tsage. Takardar tuhuma kuma tana jiransa, ni na buga ta, da umarnin shugaba. Bai yi gardama ba. Ya koma ƙauyen ya ɗauko ragowar gungumen ubansa, ya yi wata biyar yana sassaƙa wata, ya gwada ta da tagulla har haske ya daina wucewa, ya ɗaura ta a bututun da ba wanda zai buɗe.

Asama'u ta same ni wata rana a bakin famfo. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba sai ranar.

"Malam Akawu, don Allah ka gaya mini gaskiya. Wanga Injiniya zai dawo?"

Na ce ban sani ba.

"Baban Dudu ya bar cin abinci sosai. 'Yan'uwanshi duk sun yi gidaje a Warra. Mu muna nan muna gadin icce."

Ita ce ta matsa masa ya tafi Sakkwato da kansa. A 1987 ya shiga mota, karo na farko da ya wuce Jega. Ya yi yini biyu yana tambaya kafin ya samu ofishin. Ya ce ya tarar da Gidaɗo a wani ɗaki mai fanka, fayiloli sun kai masa kafaɗa, ya yi furfura a gefen kai. Gidaɗo ya tashi ya rungume shi, ya sa aka kawo abinci, ya tambayi iyali. Sai da suka ci Zaidu ya fito da makullin ya ajiye a kan tebur.

Gidaɗo ya dube shi bai taɓa ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata wasiƙa da ta sha ninki.

"Jami'a sun amsa tun shekara biyu da sunka wuce. Sun ce aiki ya yi kyau, sun yaba da sassaƙar. Amma irin wanga ƙaramin bututu an yi shi a Turai tun shekara arba'in, ba sabon abu ba ne, kuma ba su da wurin ajiye shi. Na kasa rubuto maka."

"To ka karɓi makullinka, Injiniya."

"Ba ni da iko. Ni yanzu ba ƙarƙashin ma'aikatar ilimi nike ba. In na sa hannu, takardar banza ce."

"Shekarunka biyar ba su cika ba?"

"Sun cika tuni. Ina da 'ya'ya huɗu, Malam Zaidu, da tsohuwa a Tambuwal. Abin da na karanta ma ya fara zube mini. Ina za ni?"

Zaidu ya ce daga baya Gidaɗo ya tambaye shi ko ƙawon ya motsa. Ya ce bai motsa ba, sai guda da ruwa ya ɓata, ya kuma sake wata. Gidaɗo ya juya fuska wajen taga. Ya yi alkawarin zai bi maganar a ma'aikatar da ƙafarsa, ya raka shi har tasha. Na yarda ya bi, domin amsa ta biyu da muka samu bayan tafiyar nan ta zo. Zaidu ya dawo da makullin a aljihu.

Shekara huɗu suka ƙara wucewa. Aka yi shugabanni biyu, kowanne ya ba shi amsar da na farko ya ba shi. Aka aurar da Dudu a Shanga, ya je ya kwana ɗaya ya dawo. Tamada ya daina zuwa da maganar, 'ya'yansa sun girma sun kama aikin.

A watan Agusta na 1991 aka raba jiha, Yauri ta faɗa Kebbi. Bayan 'yan watanni kwamitin rabon kaya ya iso makarantarmu, mutum uku da babban littafi. Zaidu ya sa rigarsa ta Juma'a ya buɗe musu rumfar. Ya jera komai bisa tsarin takardar, abu talatin da ɗaya. Ya fara yi musu bayanin yadda iska take shiga, shugabansu ya ce ba sai ya wahala ba. Suka rubuta tanki a kai ɗakin kwanan ɗalibai a riƙa tara ruwa, injin niƙa a kai kicin, sauran kuma tarkace. Shugaban kwamitin ya sa hannu a ƙasan takardar ya karɓi makullin. Na duba agogo, abin bai kai minti goma sha biyar ba.

"Iccen fa, ranka shi daɗe?" in ji Zaidu.

"Wane icce?"

Ya nuna gundumomin shida.

"Ka kai gida in kana so. Ko a ba masu dahuwa."

Ya aika wa Gidaɗo guda biyu ta hannun wani direba, ban san ko sun isa ba. Huɗun ya sa ƙarƙashin gado.

Mako biyu bayan haka ya ɗauki hutu ya tafi Warra da gizagonsa. Tamada ya karɓe shi da kyau, ya yanka masa kaza. Amma wurin aikin ya canja. Da zarton inji ake yanka katako, a buga ƙusa, jirgi mai ɗaukar mutum sittin ya tashi cikin mako uku. 'Ya'yan Tamada suna girmama shi, sai dai in sun yi masa magana cikin ƙarar inji ba ya ji, in ya tsaya gyara gaɓa ɗaya sai ya tsayar da mutum biyar. A rana ta huɗu suka ba shi auduga da kwalta. Ya yi kwana tara ya dawo Yelwa.

Ya shigo ofishina ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya ce ya ji maigadin ƙofa zai yi ritaya, ko za a ba shi wurin. Shekarunsa hamsin da biyar a lokacin. Na ce masa ai yanzu ba abin da ya riƙe shi, ga ƙauye, ga Shanga wurin Dudu.

"Na sani," ya ce. "Na je na gani. Nan na iya zama."

Aka ba shi gadin. Shekara biyar ya yi a ƙofar makaranta. Don kada hannu ya zauna banza, ya fara sassaƙa turmi da taɓarya da muciya a gindin dalbejiyar da ke wurin, matan malamai suna saye, har daga cikin gari ake zuwa. Ya rasu a 1996 bayan zazzaɓin kwana shida, aka binne shi a Yelwa. Asama'u ta koma wurin Dudu. Turmi ɗaya daga cikin nasa yana gidana, na itacen ƙirya ne, maiɗakina tana daka a ciki har yau.